Ranar da Muryar Kakana Ta Ƙi Fitowa

Shekarun baya, ina cikin ɗokin koyon rubuta manhaja, na tarar da mahaifiyata tana goge wasu tsofaffin kaset. Muryar marigayi mahaifinta ce a ciki, yana ba da labarin fataucinsa. Rediyonta kuwa ta daɗe da lalacewa. Nan take na cika baki, na ce da Sallah za ta ji shi.

Na aro rediyo na kwashe muryar zuwa kwamfutata, na rubuta 'yar manhaja mai maɓalli ɗaya saboda idon mahaifiyata ya yi rauni. Ta yi aiki lafiya lau. Sai na sayo wata 'yar kwamfuta kamar tafin hannu, na haɗa mata lasifika, don ta zauna a ɗakinta. Mahaifiyata kuma ta aika wa ƙannenta a Batagarawa su zo.

Washegarin Sallah ɗaki ya cika a gidanmu na Ƙofar Guga. Na juye manhajar cikin 'yar kwamfutar, ina ta hura hanci, na danna. Shiru. Na sake dannawa, shiru. Ƙanwar mahaifiyata ta tambaya a hankali ko fetur ne ya ƙare.

Da gumi na kira abokina na Ƙofar 'Yandaka, wanda ya riga ni fara karatun manhaja, ya zo kan babur. Da ya duba sai ya yi dariya. Ya ce furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, iri-iri ce, kowace da jerin umarnin da take ganewa. Ta kwamfutata mai umarni da yawa ce, ta wannan ƙaramar kuwa irin ta waya ce, umarninta kaɗan ne kuma gajeru. Abin da aka harhaɗa wa waccan, wato aka fassara shi zuwa umarninta, wannan ba ta san shi ba.

Muka ɗauko asalin rubutuna muka sake harhaɗa shi a kan 'yar kwamfutar. Na miƙa wa mahaifiyata ta danna da kanta.

Kakana ya yi gyaran murya, ya yi sallama. Ɗakin gaba ɗaya ya amsa mashi, kafin kowa ya tuna muryar kaset ce. Sai dariya da hawaye suka kaure.

Mahaifiyata ta matso da lasifikar kusa da kunnenta ta ce, "Ku yi shiru mana, Baba na magana."

Na rubuta manhajoji da yawa bayan nan, amma ban ƙara jin daɗin wani aiki kamar na ranar ba.