Bakin da Baba Yake Ji

Shekarun baya, ban daɗe da fara aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Dutse ba, akwai mutumin da ko zancensa aka ɗauko sai abinci ya fita raina. Abokina ne kuwa. Tare muka yi sakandare, tare muka yi jami'a, ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya. Muka nemi tallafin karatu a ƙasar waje, aka ɗauke shi aka bar ni. Ni ina nan ina ɗibar jinin masu zazzaɓi, shi yana can yana bincike a kan wani abu wai shi RNA, kullum sai ya saka hotonsa da farar riga. In rubuta masa "Allah ya ƙara basira", in ajiye waya in ja tsaki.

Mahaifina fataucin shanu yake yi zuwa kudu. Wata tafiya ya dawo a takure cikin tirela, ya iso ƙauyenmu da ke wajen Miga da ƙafar hagu a kumbure, sharaɓa ta yi tauri, ga zafi. Ina ganinta sai ta yi min kama da jini ya daskare a jijiya. Ashe har an aika wa wanzami, zai zo ranar kasuwa ya yi ƙaho, ya murje ƙafar da man shanu.

Na durƙusa na ce, "Baba, kada a taɓa ƙafar nan. In aka murza, gudan jinin yana iya ɓallewa ya tafi huhu. Mu je Dutse a yi hoto."

Bai ko dube ni ba. Ni ne ɗan fari, gidanmu kuwa na Fulani ne, bai taɓa kiran sunana ba balle ya ɗauki shawarata a gaban mutane. Sai ya juya wajen mahaifiyata. "Gaya wa wannan, mataccen jini ne, ƙaho ke fitar da shi. Tun ba a haife shi ba ake yi min."

Na fito tsakar gida ina huci. Mahaifiyata ta biyo ni ta ce, "Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe. Nemo bakin da zai ji, ni dai ƙafar nan ta hana ni sukuni."

Na san bakin. Abokina ya zo hutu yana Taura, ni kuma da gangan na ƙi zuwa yi masa sannu da zuwa. Na zagaya bayan garke da waya a hannu, in lalubo lambarsa in fasa. Wallahi sai da na gwada tunanin limami, da kawuna, da mai unguwa. Duk cikinsu babu wanda ba a yi wa ƙaho. Na dai runtse ido na kira. Na ce, "Ka zo kamar gaisuwa ta kawo ka. Kada ka ce ni na kira ka."

Washegari da hantsi sai ga shi da tsarabar turare. Baba ya sa aka shimfiɗa sabuwar tabarma, aka dama fura da nono mai kauri. "Lale da likitan Turai!" Mutumin da ba likita ba, ɓeraye yake gwaji a kansu.

Ya duba ƙafar ya ce, "Baba, dogon zama ne ya sa jini ya kwanta. Jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne, a cikin kowace akwai wani ɗan aike da muke kira RNA. In yana ciki, aikinsa yake yi lafiya. Amma in jijiya ta wahala, ƙwayoyi suka lalace, sai ya zubo cikin jini yana yawo. Jiki ya ɗauka rauni aka yi, jini ya ƙara daskarewa, wurin ya kumbura ya yi zafi. Binciken da muke yi ke nan."

"Ikon Allah! To ƙaho ba zai zuƙo ɗan aiken ba?"

"Ƙaho a fata yake tsayawa, Baba, gudan kuwa yana can ciki. In aka murza yana iya tafiya huhu. A je Dutse a yi hoto."

Maganata ce sak, ko gishiri bai ƙara ba a ƙarshen. Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Ka ji masu ilimi." Sannan ya ce a gaya wa wannan ya nemo mota. Na ajiye furata na fita neman motar.

Hoto ya nuna gudan jinin. Aka kwantar da Baba, aka ɗora shi a kan maganin tsinka jini na watanni. Abokina ya koma inda ya fito. Ni na yi jinyar Baba, ni nake ɗibar jininsa ina gwadawa don kada magani ya yi yawa, har ƙafa ta saɓe ya koma kasuwa.

Na so in ce kishin ya wuce, amma ƙarya zan yi. Duk baƙon da ya zo sai Baba ya ba shi labarin yaron da Allah ya jeho daga Turai rana tsaka, ni kuma ina gefe ina zuba shayi. Abin da na koya shi ne, wani lokaci gaskiyarka sai ta ari bakin wani kafin ta shiga kunne, kuma in ran mahaifinka ne a kai, dole ka je aron da ƙafarka.

Kwanaki abokina ya kira ni ya ce abin yana damunsa, zai gaya wa Baba wanda ya turo shi.

Na ce, "Kul! Ranar da ya sani, kai ma ya daina jin maganarka. Ga shi yanzu ya fara ƙin shan maganin hawan jini. Yaushe za ka zo hutu?"