Mai Ɗigo, Matar da Ta Ɗinka wa Jan Magani Riga

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi marigayiyar da ɗalibanta suka sani da Mai Ɗigo a shekarar 1961, a wani gida da ke bayan tashar mota, wanda zaurensa shagon kafinta ne. Kafintan shi ne mahaifinta, mahaifiyarta kuwa ungozoma ce. Aikinta na farko a duniya tsaron tukunyar gam ne, domin mahaifin yakan dafa guntayen fata har su narke, ita kuma tana ɗiga ruwa tana juyawa. Idan ta kwarara da yawa sai ya ce, "Ɗigo-ɗigo, 'yar nan. Gam ba ya son mai gaggawa." Sunan ya bi ta har furfura.

Karatu

A 1979 ta shiga jami'a ta karanci ilimin haɗa magunguna. A 1984, lokacin da take samun horo a sashen masu ciwon daji, ta fara ganin jan magani, wanda ake ɗura wa majinyata ta jijiya. Yana kashe cutar, amma a kan hanyarsa yakan illata zuciya, tamkar maigadin da ya harbi ɓarawo har da maigida. Ta ga matan da suka tsira daga daji suka kasa hawa matakala. Tun daga ranar ta ƙudurta cewa sai ta yi wa maganin nan riga, ya ratsa jiki a rufe, kada ya tuɓe sai a ƙofar cuta.

Aure

A 1988 injin juya sinadarai na ɗakin gwajinta ya tsaya, aka kira mai gyara. Ya gyara, ya dawo washegari wai ya ji wata ƙara, ya sake dawowa jibi. "Injiniya," ta ce masa, "injin nan dai lafiyarsa ƙalau. Ko kai ne ke bukatar gyara?" An ɗaura aurensu kafin shekara ta fita, kuma duk wanda ya zauna da su ya shaida cewa ƙarar nan ba ta taɓa barin ƙirjinsa ba.

Bincike

Rigar da ta zaɓa jalatin ce, wato gam ɗin mahaifinta da aka tace. Takan narka shi, injin na juyawa, tana ɗiga sinadari har ruwan ya koma kamar madarar da aka tsarma. A nan ƙwayoyin rigar ke haɗuwa, ƙanana ainun, ɗaruruwansu za su jeru a faɗin silin gashi, kowace da magani a cikinta. Manufar ita ce su riƙe shi a cikin jini, su sake shi a cikin ƙarin dajin. Shekaru da dama ƙwayoyin suna dunƙulewa ko su zubar da kayansu a hanya, ba ta karaya ba. A 2015 aka amince a gwada su a kan majinyata kaɗan, bisa sharaɗi mai tsauri: babu mai binciken ko danginsa a ciki, kuma in kwalba guda ta fita ba bisa ƙa'ida ba, an rufe gwajin.

Jinya

A 2017 aka gano cutar a jikinta, irin wadda ake yi wa jan magani. Mabuɗin firjin da kwalaben suke yana cikin jakarta, kuma mijinta ya san da haka.

"Ɗigo," ya ce, "kin ɗinka wa duniya riga, ke ki kwana cikin sanyi? Guda ɗaya fa! Wa zai ƙirga?"

"Ni zan ƙirga, Injiniya. In aka rufe gwajin, matan da ke jiran layi su je wurin wa? Wurinka, ka ɗaure su da waya?"

"Su ma suna da mazajensu, su yi nasu kukan. Ni tawa nake nema."

Ta yi dariya har ta yi hawaye, shi bai yi ba. Fankar falo ta lalace a makon, ya ƙi taɓa ta, abin da 'ya'yansa ba su taɓa gani ba. Ranar da za a fara ɗura mata maganin, shi ya ɗauki jakarta zuwa mota, ya tsaya a ɗakin gwaji ta miƙa wa mataimakiyarta mabuɗin, sannan ya zauna gefen gadonta yana riƙe da hannun da babu allura. Ta karɓi jan maganin yadda kowa ke karɓarsa, ba riga. Cutar ta ja da baya, zuciyar kuma ta raunana, daidai yadda ta sha koya wa ɗalibai a kan allo.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa a 2021 sakamakon ciwon zuciya, tana da shekara sittin, 'yan watanni bayan gwajin ya tsallaka mataki na biyu ba tare da tabo ba. An binne ta kusa da kabarin mahaifinta. Cikin masu ta'aziyya har da wasu mata da iyalin ba su sani ba, waɗanda suka hau matakalar gidan har sama ba su tsaya hutawa ba. Injiniya ya bi su da kallo, ya gane matan da suka jira layin gwajin ne.

Ta bar mijinta da 'ya'ya huɗu: babban ɗa, likitan yara, mai bi masa, malamar makaranta, na uku, wanda ya gaji shagon kakansa, sai auta, wadda ke tsaye yau a gaban tsohon injin nan tana ɗiga sinadari, Injiniya kuma yana leƙowa duk mako wai ya ji wata ƙara.