Katifa a Saman Mota

A garinmu Kara, idan mota ta shigo da katifa ɗaure a sama, ba a tambaya. An sallami mutum daga aiki ke nan, ya dawo gida gaba ɗaya. Mai zuwa hutu jaka kawai yake ratayowa. A daminar da aka ƙaddamar da shari'a, sau uku ina ganin haka a unguwarmu.

Maigidana fenti yake yi a kamfanin haɗa motoci a Kaduna. Ni ina zaune wajen iyayensa, wata bakwai da aure, ina jira ya kama ɗaki ya zo ya ɗauke ni. Sai rediyo ta fara cewa kamfanin ya durƙushe, ana ta gardama ko gwamnati za ta tallafa masa. Da yake na yi sakandare, ni nake fassara wa Inna labaran Turanci, ina ɗaga murya yadda Baba zai jiyo daga zaure, tunda ba na iya zama gabansa.

Baba ya ce, "Taki ya gagare mu, su ɗauki dukiyar jama'a su ba kamfani? Wa ya taɓa sayen sabuwar mota a Kara?"

Inna ta ce, "Malam, ɗanka fa a can yake ci."

"Gonarsa tana nan, ba ta gudu ba."

Na koma ɗaki na yi kukana.

Wata Asabar da la'asar ina tankaɗe, maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga. "Amarya, ga naki nan, har da katifa."

Rariyar ta suɓuce mini.

Maigidana ya shigo ya durƙusa gaban Baba. Aka shiga gaisuwa: gajiya, damina, mutanen Kaduna, sannan aka koma wajen Inna aka sake daga farko. Ina bakin murhu, ba halin in tambaye shi a gabansu. Inna ce ta gaji ta ce, "Kai, katifar fa?"

Ya ce, "Ta abokin zamana ce, mutumin Gammo. Ni na rako shi."

Wai gwamnati ta yarda ma'aikatunta su riƙa sayen motocin kamfanin, sai aka bar masu fenti da masu inji. Ɓangaren ɗinkin kujeru, inda abokin yake aiki, aka rufe. Abokin yana cikin mota, ya ƙi fitowa.

Na yi hamdala har uku a zuci, sannan kunya ta kama ni. Baba ya karɓi kwanon fura a hannun Inna, ya fita da kansa ya kai wa abokin.

Ran Litinin maigida ya koma da jakarsa kawai. Na ji sanyi ƙwarai. Amma har yau in na ji mota ta tsaya a ƙofar gida, samanta nake fara dubawa.