Sharaɗin da Ban Karanta wa Baba Ba

Ƙarfe goma da kwata na safe, ranar Asabar, mu biyar ne a zauren gidanmu na Argungu. Akwai Baba, yana zaune a kan buzunsa. Akwai limamin unguwarmu, wanda Baba ya aika aka kira. Akwai ƙanena, ya rakuɓe a bakin ƙofa. Akwai wani Alhaji ɗan kwangila daga Birnin Kebbi, mai kulob ɗin ƙwallon da ke son ɗaukar ƙanena. Sai ni. Na san lokacin daidai domin na duba agogona sa'ad da aka miƙo mini takardar.

A lokacin jiharmu ta Kebbi ba ta daɗe da samuwa ba. Ina cikin ƙananan ma'aikatan da aka kwaso daga Sakkwato, ina buga tafireta a wata ma'aikata, ina zaune a ɗakin haya a unguwar Badariya, cikin Birnin Kebbi. Karatuna bai yi nisa ba, amma a gidanmu ni kaɗai ke iya karanta takardar Turanci. Ƙanena a firamare ya tsaya. Shi rabonsa yana ƙafarsa. Lamba tara yake bugawa, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin fili a Argungu ya san shi.

Takardar kwantiragi ce, shafi biyu, sharuɗɗa tara. Baba ya ce, "Kai, karanta muna, ka hwaɗa da Hausa." Ni ne ɗansa na fari, bai taɓa kiran sunana ba.

Na fara. Na ɗaya, zai yi wa kulob wasa shekara biyu. Na biyu, albashi duk ƙarshen wata. Na uku, masauki da abinci a gidan da kulob ya kama a Gwadangaji, gefen Birnin Kebbi. Na huɗu, magani idan ya ji rauni. Na biyar da na shida, horo da takalma da riguna. Baba yana gyaɗa kai.

Kafin in furta na bakwai na bi shi da ido, kamar yadda na saba a ofis. Ga abin da ya ce: muddin ana cikin gasa, ɗan wasa ba zai bar masauki ba sai da izinin kulob a rubuce, ko wane ne ya kira shi. Idan ya tafi, kulob zai riƙe katinsa na rajista shekara biyu, ba zai sallame shi ga kowa ba. Katin nan kore ne, da hoton ɗan wasa da hatimin hukuma. Wanda ba shi da shi ba ya taka filin gasa a ko'ina cikin ƙasar nan.

A zauren Baba, a gaban liman, zan ce masa baƙo yana da iko da ɗansa fiye da shi, har in ya kira shi sai wani ya yarda? Na kasa. Kuma ba zan ɓoye ba, ina son yaron ya tafi. Na san da Baba ya ji zai naɗe buzunsa ya shige gida. Na tsallake, na karanta na takwas da na tara.

"Shi ke nan?" in ji Baba.

"Shi ke nan, Baba."

Sai ya juya wajen baƙo. "To, Alhaji, ni nawa sharaɗi guda na. In shinkahwa ta nuna ga fadama, wanga yaro shi zo shi yanke ta. Kwana goma. Tun yana ƙarami bai taɓa rasa yanka ba."

Alhaji ya yi dariya. "Haba Baba, ai ɗanka ne, mu aro muka zo. Ba komai, in Allah ya kai mu."

Na san irin wannan magana. Ita ce wadda ake yi wa dattijo don a tashi lafiya. Baba bai san ta ba. Ya ce liman ya yi fatiha, muka shafa. Ya dangwala babban yatsansa a tawada ya danna a ƙasan takarda. Ƙanena ya rubuta sunansa da ƙyar. Ni na sa hannu a matsayin shaida kuma mai tsaya masa.

Daga ranar ban sake samun natsuwa ba.

Ƙanena kuwa abinsa ya yi kyau. Cikin wata uku ya zama shi ne kulob ɗin. 'Yan kabu-kabu ba sa karɓar kuɗinsa. Mai shayin bakin ofishinmu ya daina kirana akawu, ya koma cewa, "Ga yayan mai tara, a ba shi benci!" Ina zuwa kallo, ina tafi in ya ci, amma hankalina yana wani wuri. Duk Juma'ar da na hau motar Argungu nakan zauna gefen taga ina duban shinkafar bakin hanya. Na gan ta tana kore. Na gan ta ta yi ciki. Na gan ta ta fitar da kai. Ranar da na ga ta fara sunkuyawa, ban iya cin tuwon dare a gida ba, har Inna ta tambaya ko zazzaɓi ne.

Sakataren kulob yakan kawo mini jadawalin wasanni in buga masa. Da hannuna na buga ranar wasan ƙarshe, wanda idan sun ci za su hau rukuni na gaba. Na lissafa da yatsu ya fi sau goma, ina fatan ruwa ya yi jinkirin janyewa ko a ɗage wasan. Ba a ɗage ba.

Saƙon ya zo ranar Talata, wasa kuma Asabar. Wani direban motar Argungu ya tsaya a ƙofar ofis ya ce, "Baba ya ce a hwaɗa maka, shinkahwa ta nuna, tsuntsu ya sauka. Yaro shi zo gobe." Ya riga ya biya Gwadangaji ya gaya wa ƙanena.

Ƙarfe huɗu aka aiko in je gidan Alhaji. Na tarar da ƙanena tsaye a falo, takardar tana kan tebur a buɗe. Ashe da fara'arsa ya je sallama, yana ganin abu ne da aka gama tun a zaure.

"Malam akawu," in ji Alhaji, "zo ka karanta wa ƙanenka na bakwai. Ya ce bai taɓa jin sa ba."

Na karanta. Na fassara. Ƙanena bai dubi takardar ba, ni yake kallo.

"Amma Alhaji, ka ce wa Baba ba komai," in ji shi.

"Na ce. Me kake so in ce wa tsoho a gidansa? Ni takarda na sani. Wata nawa ina ciyar da mutum ashirin don ranar Asabar ɗin nan, sai a ce mini shinkafa?" Ya juyo gare ni. "Ban ƙi ta Baba ba. Je ka gaya masa zan turo lebura goma da mota, su yanke masa, su sussuke, su kai har rumbu. Amma yaron nan in ya fita Gwadangaji, wallahi katinsa ya kwana a durowata shekara biyu. Kai kuma da ka tsaya masa, ka san na san mai gidanka na ofis, na kuma san hanyar caji ofis."

Da muka fito na ce wa ƙanena ya dakata, zan je in shawo kan Baba. Ya ce, "Yaya, Baba ya kira ni." Da safiyar Laraba ya ɗauki jakarsa ya tafi.

Ranar Alhamis na nemi izini na bi shi. Na sauka Argungu ƙarfe tara, na wuce fadama kai tsaye, na cire takalma na riƙe a hannu. Gonarmu tana can kusa da gulbi, sai an ratsa laka har gwiwa. Tsuntsaye suna tashi suna sauka kamar hayaƙi. Baba yana tsaye a kan kunya yana ɗaure dami. Ƙanena yana cikin ruwa da lauje tare da 'yan'uwanmu huɗu.

Na durƙusa na gaida shi, na isar da saƙon lebura goma.

"Lebura nit tambaye shi?" in ji Baba. "Hannuwa ba su ƙare ba Argungu. Magana munka yi, anka yi fatiha, liman na zaune. Ko ya mance?"

"Bai manta ba, Baba. Wasan ne mai girma. Ya ce in yaron bai koma ba za a hana shi ƙwallo."

"Da wace hujja?"

Na juya takalman da ke hannuna.

Ya ajiye damin. Ya dube ni, abin da ba ya yawan yi. "Kai ka karanta takardar. Ni ban ga komi ba sai baƙi da hwari. In akwai wani abu ciki da yac ce shi zauna can, hwaɗa min. Yatsana na bisa. Ban aza yatsa in tashi. Yanzu shi wanke ƙahwa shi bi ka, shinkahwa ta zube in za ta zube."

Wannan ita ce ƙofar da aka buɗe mini, kuma na gan ta sarai. Ana samun mota har azahar. Da yamma ta yi yana Gwadangaji, da Juma'a ya huta, da Asabar ya buga. Abin da ake bukata kawai in ce: akwai, Baba, na ɓoye maka. Amma sai na ga abin da zai biyo baya, ɗaya bayan ɗaya. Zai san na bar shi ya dangwala yatsa a kan abin da bai ji ba. Liman zai ji. 'Yan'uwan nan huɗu sun riga sun daina yanka, suna saurare. Baba ba ya duka, ba ya zagi. Abin da yake yi shi ne ya daina yi maka magana, kuma na ga ya yi wa ƙaninsa haka shekara shida.

"Babu, Baba," na ce.

Na ɗaga ido. Ƙanena yana tsaye, ruwa har cinya, lauje a hannu. Ya ji na bakwai daga bakina shekaranjiya. Kalma ɗaya zai faɗa ya ceci kansa. Amma a gidanmu ƙane ba ya ƙaryata wansa a gaban uba. Ya dube ni na ɗan lokaci, ya sunkuya ya ci gaba da yanka.

"To ka gani," in ji Baba. "Tahi ka ce ma Alhaji shi ji tsoron Allah."

Ranar Asabar aka ci kulob ɗin. Ban je fili ba, ina ɗaki na ji hayaniyar masu dawowa. Mai shayi ya daina ba ni benci. Ranar Litinin aka kawo mini wasiƙar dakatar da ƙanena daga kulob a ofis, na sa hannu na karɓa. Wajen wata biyu duk motar da ta tsaya a ƙofar ma'aikata sai gabana ya faɗi, duk kiran da mai gidana ya yi sai in tattara takarduna kafin in shiga. 'Yan sanda ba su zo ba, aikina bai taɓu ba. Ni ba abin da ya same ni.

Bayan kwana goma ƙanena ya koma Gwadangaji da jakarsa, mai gadi ya hana shi shiga. Daga baya wani kulob daga kudu ya aiko mutum har Argungu. Suka gwada shi, suka yaba, suka ce a kawo kati da takardar sallama. Na je ƙofar Alhaji sau bakwai. Sau biyu ya gan ni. A na ƙarshe ya ce, "Malam akawu, kai fa ka iya karatu." Mutumin kudu ya jira mako uku ya tafi.

Kafin shekara biyun ta cika kulob ɗin ya watse. Kwangila ta yanke wa Alhaji, aka saki gidan Gwadangaji, aka kwashe akwatunan takardu, ban san inda aka kai su ba. An ce za a iya neman sabon kati a hukuma. Na gaya wa ƙanena, ya ce ya riga ya zuba irin albasa, kuma an sa ranar aurensa. Bai sake sa takalmin ƙwallo ba.

Baba ya rasu yana ganin Alhaji ne ya ci amanar fatiha. Ban gyara masa ba. Ƙanena bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko da wasa. Idan na je gida yana tashi ya ba ni tabarma, ya ce, "Yaya, an sha hanya." Har yau in muka keɓe mu biyu ina jin tsoron ranar da zai fara, ko da yake na san ba zai fara ba.

Bara 'ya'yansa suka yi ta musu da shi, wai ba su yarda ya taɓa yin ƙwallon albashi ba. Ya yi dariya ya ce da katinsa yana nan da sun ga hoto, domin shi ke nan hoton da aka taɓa ɗaukarsa da rigar wasa.

Saboda haka ina roƙon mai karatu abu ɗaya. Idan kai ko wani naka ya yi aiki da kulob a Birnin Kebbi a shekarun farko na jiha, ko kun gaji akwatin tsofaffin takardu da ba ku san amfaninsu ba, ku buɗe ku duba kafin ku ƙona. Idan kun ga koren kati da hoton saurayi siriri mai tabo a gira ta hagu, ku kai shi Argungu, wajen masu albasa a kasuwa, ku ce a nuna muku tsohon mai lamba tara. Ku ba shi a hannunsa, kada ku biyo ta wajena.