Mahadi Zali, Ka Tafi Takarda Ba Ta Fito Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga Safar 1446, bayan la'asar, ɗanka Talal, mai kirana Ammi, wato baffa, ya buga mini waya: "Ammi Mukhtaru, Baba ya cika." An sallace ka a Harami bayan magariba.

Mahadi, shekara shida muna adawa da kai a kwamitin unguwarmu ta Tandabawi. Kai ke jagorantar masu gidaje, ni ke magana da yawun 'yan haya. Taransfoma ɗaya ce tsohuwa ke ɗauke da mu duka, zafi na tsananta sai ta mutu. Ku kuna cewa mu muka cika mata nauyi, mu muna cewa kun ƙi ba da filin kafa sabuwa. Tasrihin kafawar kuwa, wato izinin hukuma, sai ya bi ofisoshi bakwai, kowanne da hatiminsa.

Ranar da wuta ta ɗauke tun hantsi, ka iske Hajiya Khadijatu, 'yar haya a layinmu, tana kuka allurar ciwon sukarinta za ta lalace. Ka ɗauka ka kai firijin shagonka a Utaibiyya. Daga can gidana ka yo, ko zama ba ka yi ba.

"Ya Mukhtaru, khalas, ya isa haka," ka ce. "Zafin nan bai san mai gida da ɗan haya ba. Kawo mutanenka, in kawo nawa."

Ka yanki gefen garejinka ka bayar don a kafa sabuwar taransfoma. Muka rubuta takarda ɗaya, muna roƙon izini, muna kuma roƙon a haɗa hatiman nan a ofis guda domin sauran unguwanni. Naka suka ce ka sayar da su, nawa suka daina gaishe ni. Gida gida ka bi har kowa ya sa hannu.

Shekara biyu kana ɗauke da fayil ɗin, ga ciwon zuciya kana ɓoyewa. Har yanzu fayil ɗin yana ofis na biyar. Jiya Talal ya kawo mini kwafinsa, na kasa buɗewa.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka, Ya yafe mini maganganun da na gaya maka. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Aishatu, da 'ya'yanka Talal da Shaima. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya sa Aljanna ce makomarsa.