Saƙon Zugu, Tekun Lome

Tun ina saurayi nake bin hanya da yadi da kayan koli, daga Zugu garin haihuwata zuwa Kara da Sokode, har Lome ta ƙasar Togo. Kakanninmu da jakuna suka bi hanyoyin nan suna fataucin goro, mu muka gaje su a mota. Babban abin da suka bar mana shi ne ba ma biyan kuɗin ɗaki. Duk garin da ka sauka akwai zango, a zangon kuma akwai gidan da kakanka ya taɓa ɗaure jakinsa. Ka yi sallama, ka ambaci tsohonka, a shimfiɗa maka tabarma. Da wannan na daɗe ina yi wa matasan Banikanni alfahari, unguwar da na zauna a Paraku bayan na yi aure. In wani zai fita waje ya zo neman shawara, sai in ce otel na marasa dangi ne.

Uwar yarana 'yar Titiru ce, wata unguwa a nan Paraku, atamfa take sayarwa. Ta je Kwatano sari ba iyaka, amma daga tasha sai kasuwa, daga kasuwa sai tasha. Ruwan da ta sani a can shi ne na ƙarƙashin gada. Da muka aurar da 'yar autarmu, gida ya yi shiru, ta same ni ina shan koko ta ce, "Malam, abu ɗaya nake so. Ka kai ni Lome in ga teku. Ba sari, ba kaya. In zauna kawai in kalle shi."

Na ce, "Na Kwatano fa? Shi ma ai ruwa ne."

Ta ce, "A Kwatano ƙafata ta san hanyar kasuwa, ba za ta bar ni in wuce ba. Kuma kai ne kullum kake cika mana kunne da Lome."

Na ce wannan mai sauƙi ne, kuma ba zai ci mana komai ba in ban da kuɗin mota. Ta shiga shiri. Ta soya wagashi, cukun Fulanin nan namu, ta daka yaji, ta ƙulla gari da ƙuli-ƙuli. A nan dai ta yi daidai, har gobe ina gaya wa matafiya su yi haka, domin abincin bakin tasha tsada gare shi, cikin mutum kuma bai san shi ba. Katin ɗan ƙasa da na allurar rigakafi ta sa su a leda ta ɗinke cikin lalitarta. Jakarta ƙarama ce, mutum zai ɗauke ta da yatsa biyu.

Ni kuma na yi abin da ubana yake yi. Bayan sallar La'asar na miƙe a masallaci na ce zan yi tafiya Lome, a sa mu a addu'a. Aka yi addu'a mai kyau. Washegari kafin rana ta yi zafi ƙofar gidana ta koma tasha. Makaniken da ke gefenmu ya kawo daddawa, a kai wa 'yarsa. Ladan ya kawo doya, a kai wa ƙaninsa. Dangin uwar yara na Titiru suka aiko da wagashi cikin bokiti. Babu wanda zan iya ce wa a'a. Mutumin da zai je ya kwana kyauta a gidan jama'a ba ya ƙin saƙon jama'a, haka aka rene mu.

Uwar yara ta tsaya tana kallon tulin, ta ce, "Malam, ƙaura za mu yi?"

Na ce, "Ɗan saƙo ne. Rana guda mu raba mu huta."

Hanyar Togo ta Zugu take bi, kuma ba yadda za a yi in ratsa garin ban gaida yayata ba. Labari ya riga mu isa. Muka tarar da ita a tsakar gida da mutane zaune, kowa da ƙullinsa a gaba. Har wani abokin marigayi mijinta ya taso daga ƙauyen Seru a kan babur, jar ƙasar hanya ta rine masa riga, ya kawo zabi masu rai a kwando. Daga ƙarshe yayata ta fito da ƙwarya cike da man kaɗe, ta ɗaure bakinta da tsumma.

Ta ce, "Wannan na 'yar ƙanwar maigidana ne. Tana aure a Lome."

Na ce, "Yaya, wace unguwa?"

"A Lome dai. Mijinta dogo ne, taya yake sayarwa."

"Lambar salula fa?"

Ta dube ni kamar na zage ta. "Kai da ka san Lome kamar ɗakinka? Lamba kuma ta mece ce?"

Uwar yara ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna rawa. A gaban yayar miji ba a dariya da murya.

Direba ya ga kayanmu ya yi murmushi irin na wanda kasuwa ta buɗe masa. Abin da na ce mun tsira da shi na ɗaki, a kan kaya ya tafi tun ba mu bar Zugu ba. A kan iyaka 'yan duwan, wato kwastan, suka sa aka sauke komai, aka kwance kowane ƙulli, zabin nan suna ta kuka, sauran fasinjoji suna harararmu. Da jakar uwar yara kaɗai muka zo, da ko kallonmu ba za a yi ba.

Zangon da muke sauka a Lome ba ya cikin gari, can arewa yake, nesa da ruwa. Mai masaukinmu ɗan aminin ubana ne, ya girme ni, Alhaji nake ce masa. Ya karɓe mu hannu biyu, uwargidansa ta ja uwar yara zuwa ɗakinta, aka yanka kaza. Na dubi matata na ce, "Kin gani? Wane otel ne zai yi miki haka?" Ta ce ta gani.

Da safe muka fara rabon saƙo. Abin da na manta, ko in ce ban taɓa lura da shi ba don da can ni kaɗai nake zuwa, shi ne ba a miƙa saƙo daga bakin ƙofa. Sai ka shiga, ka zauna, a kawo ruwa, a kawo fura, a tambaye ka wa ya rasu a Zugu, wa ya yi aure a Paraku, ruwan bana yaya ya yi, rufin masallacin unguwa an gyara ko ba a gyara ba. Kana shirin tashi a ce tuwo ya kusa. Ka fito, a ce ai maƙwabcin nan ma ɗan Zugu ne, ya yi rashi watan jiya, bai kamata ka wuce ba ka yi ta'aziyya ba. Gida biyu ko uku muke yi rana ta faɗi.

Kowace safiya uwar yara takan ce, "Malam, yau fa?"

In ce, "Gobe in sha Allahu. Teku ba ya gudu."

Ta ce, "Shi ba ya gudu, kwanakinmu ne suke gudu. Ni dai na ga Lome. Banikanni ce sak, har awakin iri ɗaya."

Ƙwaryar man kaɗe ce ta fi wahalar da mu. Na yi ta hawa zem, wato babur ɗin haya, ina bin masu sayar da taya ɗaya bayan ɗaya, ƙwarya a cinyata, rana tana narkar da man yana bin rigata. Ashe masu taya a Lome kusan duk dogaye ne. Nan na koyi cewa a baƙon gari ba a hawa zem sai an yanke kuɗi tukuna, domin wanda ya ga dattijo rungume da ƙwarya ya san ba ɗan gari ba ne.

Ana gobe za mu koma, na yi niyya har zuciyata in kai ta. Muna karyawa a tsakar gida sai Alhaji ya ce yau sunan jikan ƙaninsa, kuma ni zan zauna a madadin mutanen Zugu in raba goro. Ya riga ya gaya wa jama'a. Na ce to. Gidan da ka ci ka kwana kyauta, ba ka ce wa mai shi kana da wani uzuri, balle uzurin kallon ruwa.

Uwar yara ta ajiye ludayinta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "To Malam, tunda kai ba ka da sarari, kwatanta mini kawai. Wace mota zan shiga, a ina zan sauka?"

Na ce, "Kudu za ki yi."

"Kudu kowa ya sani. Daga ina ake gangarawa?"

Na gyara hula. Na ce hanyoyin sun canja, an yi gine-gine da yawa.

Alhaji ya fashe da dariya har koko ya sarƙe shi. Ya ce, "Amarya, wa kike tambaya? Wannan tun gemunsa bai fito ba yake sauka a gidan nan. Daga nan sai babbar kasuwa, daga kasuwa sai nan, yana zaune a kan dilarsa kada a taɓa. Ƙanena, tsakaninka da Allah, ka taɓa taka bakin ruwan?"

Na ce na taɓa hango shi ta tagar tasi, tsakanin benaye biyu.

Uwargidan Alhaji ta riƙe baki. Ta ce, "Ikon Allah! Layin da kake sarin yadi fa, in ka miƙe kaɗan ka tsallaka titi, yashi za ka taka."

Uwar yara ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Ashe ni da kai duk ɗaya ne. Ni dai ban taɓa cewa na gani ba."

Uwargidan Alhaji ta miƙe ta yafa mayafi. Ta ce sunan na maza ne da safe, mata sai yamma, su za su je su dawo. Ba za su ɗauki tasi su kaɗai ba, wadda ake cikawa za su shiga har babbar kasuwa, sauran su taka da ƙafa tun rana ba ta yi zafi ba. Kallo kuma kyauta ne, ba mai tsayawa a bakin teku yana yankar tikiti. Uwar yara ta ɗauki sauran wagashinta da gorar ruwa, suka fita. Ko waiwayowa ba ta yi ba.

Na tafi suna na zauna a kan tabarma da faifan goro a gabana. Ina ɗaga kai sai ga ƙanin ladan, ga mijin 'yar makanike, ga duk mutanen da na yi kwanaki ina bi gida gida, kowa ya zo. Da na haƙura na kawo kayan nan wurin, da zama ɗaya ya raba su. Can wani dogon mutum ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce ya ji wai ana yawo da man matarsa a gari. Ya bar sayar da taya tun bara, yanzu batir yake sayarwa.

Bayan Azahar matan suka dawo. Zanen uwar yara ya jiƙe har gwiwa, takalmanta a hannu, yashi a tsakanin yatsunta, tana tauna kwakwa. Fuskarta ta koma kamar ta shekarun da na fara ganinta a rumfar uwarta a Titiru. Ta wuce ni ta je ta yi alwala.

Shi ya sa yanzu in matashi ya zo mini zai je baƙon gari da ɗan guzurinsa, nakan ce ya yi sallama da iyayensa kaɗai, a hankali, ba a masallaci ba. Ya nemi ɗan ɗaki mai araha kusa da abin da ya je gani, ya kwana ɗaya, ya gan shi tun ranar farko. Bayan nan ya tafi zango ya gaida dangi, ya ci tuwonsu, ya zauna yadda suke so. Saƙon da ba shi da lambar salula kuma ya ce jakarsa ta cika.

Ranar komawa mutanen zango suka rako mu tasha, kowa da abin da za a kai gida: busasshen kifi, sabulu, gishiri, takalman yara. Uwar yara ta zauna a bakin taga da 'yar jakarta, ni aka ɗora mini buhun kifi a cinya. Sai da muka fita gari na yi ƙarfin hali na ce, "Yaya tekun yake?"

Ta dube ni, kamar tana shawarar ko na cancanta. Sannan ta ce ba ya tsayawa ko kaɗan, ƙararsa kamar manyan motoci suna wucewa ba su ƙarewa. In ka tsaya a bakinsa sai ya zo ya janye yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka, ka ji kamar ƙasa tana tafiya da kai. Ta ce ta ga masunta sun yi layi suna jan igiyar taru suna waƙa, wata mata ta matsa mata, ita ma ta kama ta ja har tafinta ya yi ja. Ta buɗe hannun ta nuna mini.

Na ce, "Ki yafe mini. Na kusa dawo da ke ba ki gani ba."

Ta ce, "Na yafe, Malam. Ɗaga buhun nan kaɗan, yana ɗiga a kan zanena."