Zangarniyar da Muka Kai wa Depite

Ranar da muka je gidan depite, wato ɗan majalisar yankinmu, direbansa na durƙusa wa. Ba laifina ba ne sosai. Mutumin yana tsaye a ƙofar gida cikin shadda mai maiƙo, tumbinsa ya riga shi fitowa waje, yana kaɗa makulli a yatsa. Na zube a gabansa na juye masa jawabin Faransancin da na daɗe ina haddacewa, da "Onorabul" a kowace gaɓa. Ya saurare ni har ƙarshe, Allah ya saka masa da alheri, sannan ya ce da Hausa, "Yaro, matsa, ka danne mini tiyon wanke mota."

Kakana, wanda na rako, ya yi dariya har hularsa ta faɗi ƙasa.

Mu 'yan Garwa ne. Babana atamfa yake sayarwa a babbar kasuwa, kamar ubansa, kamar uban ubansa da ya zo fatauci daga ƙasar Hausa ya manta hanyar komawa. Kakan da nake magana mahaifin innata ne. Shi manomi ne a wani ƙauye yamma da Garwa, a bakin mayo, irin rafin nan da kan cika da damina, da rani ya koma yashi zalla. To mayon ƙauyensu shi ne iyakar ƙasa. Gidan Kaka yana Kamaru, gonarsa tana Najeriya. Tun yana yaro yakan sha koko a ƙasa ɗaya ya je ya yi gyatsa a wata, ba wanda ya taɓa tambayarsa dalili.

Masakwa yake nomawa, dawar nan da ba ta jiran ruwan sama. Sai damina ta ɗauke ake dasa ta a baƙar laka. Wani ya soki ƙasa da ƙaton itace mai tsini, wani ya zuba ɗan ruwa a ramin, wani ya sa dashe. Daga nan ita da danshin da laka ta ɓoye, har ta nuna da tsakiyar rani. Ni ne mai ɗaukar ruwa duk shekara, kuma na rantse ruwan da na ɗauka bara da an juye shi wuri guda da Garwa ta samu kogin Binuwai na biyu. Saboda wahalar nan Kaka ya yanka mini gayauna a gefen gonar, tawa ta kaina. A cikin raina har na sayar da amfaninta na sayi waya, har ma na fasa gilashinta na gyara.

Irin da Kaka yake shukawa rawaya ne mai manyan ƙwayoyi. Daga hannun ubansa ya karɓe shi, kuma duk ƙauyen ba wanda ya rage da shi. Kowace shekara yakan zaɓi zangarniyoyin da suka fi kyau ya rataye su a saman madafa, hayaƙi ya kore musu ƙwari. Bara ya faɗaɗa gona, sai ya yafa irin duka don dashe. Zangarniya ɗaya tak ta rage a rataye.

Ba mu daɗe da gama dashe ba wasu mutane suka ƙetaro mayon a kan babura da rana tsaka, suka kwashe yaran wasu makiyaya. An dawo da su bayan an sha wuya, ban da ƙaraminsu. Sai umarni ya zo cewa kada kowa ya ƙara ƙetare mayo, ko a ƙafa ko a jaki. Sojoji suka kafa tanti a gindin tsamiyar da ke bakin hanya. Akwai mashigar hukuma can nesa, amma ita ma ba a barin kayan gona su wuce ta.

Masakwa kuwa ba wanda ya gaya mata an rufe iyaka. Ta ci gaba da girma, ta fid da kai, ta fara nuna. Idan ba a yanke ta a kan lokaci ba abu biyu ke jiranta: jan-baki, tsuntsayen da kan sauko kamar hadari, da shanun da ake sakewa cikin gonaki da zarar maƙwabta sun gama girbi. Shi ya sa Kaka ya hau mota ya zo Garwa neman depite.

Babana ya ce shi ba zai je ba, ɗan kasuwa ba ya nuna fuskarsa a gidan ɗan siyasa, gobe a ce rumfarsa ta jam'iyya ce. Amma ya ba da shawara.

"Kukan Hausa a zaure yake tsayawa," in ji shi. "Na Faransanci shi ke hawa jirgi zuwa Yawunde. Surukina, ku tafi da wannan mai bakin, ko ba komai zuwansa lise, sakandaren nan tasu, ya yi rana."

Kaka ya dube ni sama da ƙasa. "Wannan? Wanda ya ce ya ga kada a rijiyata?"

"Ƙaramin kada ne, tsoho."

"Ƙadangare ne, ja'iri."

Ba a zuwa wurin babba hannu rabbana. Inna ta ce a kama zakara. Kaka ya ce depite ya ci zakaru har ya fara cara, shi abin da zai kai masa shi ne abin da ake magana a kansa. Ya buɗe jakarsa ya fito da zangarniyar nan, tana ƙanshin hayaƙi.

"Baba, ba ita kaɗai ta rage ba?" in ji Inna.

"In ya gan ta da idonsa zai gane," ya ce. "Ana buɗe hanya zan cika rumbu da 'yan'uwanta."

Gidan depite yana unguwar Pumpumre. Bayan direba ya gama da ni muka shiga tsakar gida, muka tarar da jama'a a kan tabarmi kamar ana rabon gado. Kusa da mu wata mata ce daga duwatsun bayan garin Gidar, da ɗan gicciye a wuyanta. Ta gaya wa Kaka da Hausarta ta kasuwa cewa tun da aka tsare hanya kasuwarsu ta koma wurin kiwon awaki. Wani saurayi kuma an karɓe masa babur, ya zo da hular kwanonsa a hannu, wai ita kaɗai aka bar masa. Kowa da kukansa, kuma duk kukan a bakin iyaka yake farawa.

Can wani siririn mutum ya fito cikin kaftani mara aiki da silifa, idanunsa jajur, yana tari. Na kusa ce masa ya ƙaro mana shayi. Sai na ga kowa ya miƙe. Shi ne depite.

In faɗi gaskiya, ba kan kujera ya hau ba, a tabarma ya zauna cikin mutane. Yana jin wannan da Fulatanci, ya amsa wa wancan da Hausa, wayoyinsa suna ta kuka a cinyarsa kamar 'yan tagwaye. Na ga ya kira wani a waya a kan wata mara lafiya, bai ajiye ba sai da aka ce a kawo ta. Amma duk wanda maganarsa ta taɓo iyaka, amsa ɗaya yake samu: "Zan yi magana."

Da layi ya zo kanmu na buɗe baki, sai na tarar jawabina ba ya nan. Na bar shi a waje, wurin direba. Ko "Onorabul" da ƙyar na lalubo. To ni kuwa in kaina ya zama fanko bakina ba ya jira. Na ce bari in ba shi tausayi, in nuna masa haɗarin da masakwar take ciki. Na miƙe tsaye na saki Faransanci.

"Onorabul, ɓarayin da ke hanyar nan sun fi tururuwa yawa! Sukan sace jaki su bar inuwarsa a tsaye. Kwanan nan suka sace wa wani mutum wando yana cikinsa, bai sani ba sai da ya ji iska. In ba a bar kakana ya ƙetare ya yanke masakwarsa ba, ko kara ba za su bar masa ba!"

Masu jin Faransanci suka fashe da dariya. Na ji kaina ya kumbura, har na fara shirya wani ɓarawon da ya saci rijiya. Depite bai yi dariya ba. Ya dube ni da jajayen idanun nan ya ce da Hausa tsantsa, "To ɗana, hanyar da ɓarayinta suka fi tururuwa yawa, ita kake so in roƙa a buɗe wa tsoho?"

Na zauna. Ban san lokacin da na zauna ba.

Ya juya wurin Kaka. "Baba, bar ɗan lise ya huta. Faɗa mini da bakinka."

Kaka ya miƙa masa zangarniyar da hannu biyu. "Ranka ya daɗe, daga ƙofar gidana ina hango gonata. Ta nuna. Ba a buɗe wa duniya nake roƙo ba. A bar ni in yanke in dawo. In soja zai raka ni, ya zo, zan ba shi dami."

Depite ya juya zangarniyar, ya ɓalli ƙwaya ɗaya ya ciza. "Rabona da irin wannan tun ina korar tsuntsaye a gonar kawuna," ya ce. Na ce a raina shi ke nan, wayata ta zo hannu. Sai ya ajiye ta a gefensa.

"Baba, ni na je ta'aziyyar yaron nan da bai dawo ba. Uwarsa ta riƙe mini riga tana tambayata ina muke. Ni na tashi a majalisa na ce a tsare mayon nan, kuma ko gobe aka tambaye ni haka zan faɗa. In aka buɗe maka, sai a buɗe wa mai albasa da mai gyaɗa, da wanda ya ɗauko buhun da ba wanda ya san abin da ke ciki. Soja ba ya gane manomi a fuska. Gona in ta lalace a sake dasawa baɗi. Yaro fa?"

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe," in ji Kaka. "Sai dai waɗanda suka ɗauki yaron ba su tsaya neman izini a gindin tsamiya ba. Mu masu tsayawa, mu aka tsare."

 Depite ya murza idonsa.

"Na sani," ya ce. "Rufe hanya, bakin mutum ɗaya ya isa. Buɗe ta sai hannuwa da yawa, nawa kuwa ba ya cikinsu. Zan yi magana."

A ƙofa direban nan yana miƙa wa kowa ɗan buhun shinkafar garin Maga. Kaka ya sa hannuwansa a baya kamar bai gani ba, ni na karɓa. Muka yi tafiya mai nisa. Can na ce, "Kaka, na ɓata, ko?"

"Kai ja'iri, har ka isa ka ɓata abu? Ko da Larabci ka yi masa, amsar ke nan."

Na so ya zage ni sosai. Da ya fi mini sauƙi a ce bakina ne ya rufe mayon, don shi bakin na san yadda ake buɗe shi.

Da aka ba mu hutun ƙarshen mako na bi shi ƙauye. Na same shi a bakin mayo, a wannan gefen, zaune da tsohuwar garwa a tsakanin ƙafafunsa yana bugunta da sanda. Can ƙetaren yashi ga gonar, rawaya shar, jan-baki sun rufe ta suna tashi suna sauka. Ƙarar garwar ko rabin mayon ba ta kaiwa. Na karɓa na buga har hannuna ya yi kanta, na yi ihu har muryata ta koma ta agwagwa. Tsuntsu ko ɗaya bai ɗaga kai ba. Wani sojan kudu, wanda bai girme ni sosai ba, ya baro tanti ya zo ya tsaya kusa da mu. Ba ya jin Hausa. Ya kalli gonar, ya kalli Kaka, ya karɓi sandar ya taya mu bugu. Da Kaka ya miƙe ya taka yashin, shi ɗin ne dai ya sha gabansa, yana ba shi haƙuri da Faransanci.

Na nuna wa Kaka inda gayaunata take, na ce tsuntsayen can sun fi ƙiba, ashe tawa ta fi tasa daɗi. Bai ce mini ja'iri ba.

Maƙwabtan gonar na can ƙetare suka gama girbinsu, aka saki shanu. Daga ƙofar gida Kaka ya kalle su suna shiga.

Sai a lokacin na tuna da zangarniyar. Ina komawa Garwa na ruga Pumpumre, ko littattafaina ban ajiye ba. Direban yana wanke mota. Ya gane ni, ya ce, "A'a, Onorabul ƙarami, yau ma jawabi?" Na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya ce maigida yana Yawunde. Ya shiga ciki ya tambayo, ya dawo yana goge hannu. Zangarniyar ta daɗe a kan teburin maigida, in ji shi, har yakan nuna wa baƙi ita. Da ya yi tafiya mai shara ya ga tana zubar da ƙwaya, ya jefa wa tattabaru.

Shinkafar Maga mun cinye ta. Bana Kaka bai yi dashe ba, yana gidanmu a Garwa. Mayo yana nan a rufe, irin kuwa ya ƙare.